Asalin Jerin da Ake Haddacewa a Ajin Turanci

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a ajin Turanci, tun daga sakandare har zuwa darussan yamma na masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Malami zai raba allo gida biyu. A hagu ya rubuta "put off", a dama ya rubuta "postpone". A hagu "put out", a dama "extinguish". A hagu "put up with", a dama "tolerate". Haka zai yi ta gangarawa har allo ya cika, ɗalibai su kwafe, a ce su haddace kafin mako mai zuwa. Abin da ke hagun nan shi Turawa suke kira "phrasal verb", wato aikatau wanda wata 'yar ƙaramar kalma take bin bayansa, irin su "up" da "out" da "off", kuma idan suka haɗu sau da yawa ma'anar takan bar inda aka san ta. A nan za mu kira shi aikatau mai ɗan rakiya. Yawancin malamai da ɗalibai sun ɗauka cewa haka wannan sashe na Turanci yake tun fil azal, ba kai ba gindi, babu hanyar kama shi sai hadda. Ni kuwa a ganina jerin nan ba daga ƙirar harshen ya fito ba. Tarihi ne ya haife shi, kuma a kan awon wasu ɗalibai dabam aka ɗinka shi, mu muka gaje shi muka zura a wuya ba mu kai wa tela ya gyara ba.

Turancin farko, wanda Anglo-Sakson suka yi magana da shi a Ingila fiye da shekara dubu da ta wuce, ya fi son liƙa ƙaramar kalmar a gaban aikatau, su zama kalma ɗaya. Ragowar wannan tsari ne ake gani yau a "understand" da "forgive" da "overcome" da "withstand". Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, har yanzu yana riƙe da wannan hali: ƙaramar kalmar tana manne a gaba a wani wuri, a wani wurin kuma ta ɓalle ta koma ƙarshen jimla. Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan teku daga Denmak da Nowe suka fara kai hari Ingila, daga baya suka zauna a gabashi da arewacinta, suka yi auratayya da mutanen ƙasa. Daga bakinsu Turanci ya samo "take" da "get", aikatau biyu da yau suka fi kusan kowanne yawan 'yan rakiya. Masana sun yi saɓani a kan ko harshen waɗannan baƙi ne ya tura ƙaramar kalmar zuwa baya, ko kuwa canjin tsarin jimla ne da Turanci ya yi da kansa, inda aikatau ya matso gaba ya bar sauran kalmomi a bayansa. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, kafin ƙarni na 15 ya ƙare, sabon tsarin ya cika wasiƙun gida da maganar kasuwa, tsohon kuma ya daina haihuwa sai jefi-jefi.

A tsakiyar wannan canji ne wani babban al'amari ya auku. A 1066 William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje har kusan shekara 300, Latin kuma yana riƙe da coci da ilimi. Turanci ya koma harshen talaka da manomi. Da ya dawo fada, musamman bayan dokar 1362 da ta ce a riƙa yin shari'a da shi, ya dawo ne ɗauke da dubban kalmomin aro. A ƙarni na 16 kuma masu ilimi suka ƙara kwaso wasu kai tsaye daga Latin. Sakamakon shi ne Turanci ya wayi gari da hanya biyu ta faɗin abu ɗaya: ta gida, gajeriya, mai ɗan rakiya, da ta makaranta, doguwa, mai asali a Rum ko Faransa. Wannan ne tushen gida biyun da malami yake raba allo. Hagu maganar uwa da ɗanta ce, dama kuma maganar lauya da limamin coci. Yaron Ingila da hagun yake zuwa makaranta, a can ne ake koya masa dama.

Da aka zo rubuta wa Turanci nahawu, da ma'aunin Latin aka auna shi, domin shi ne nahawun da malaman lokacin suka sani. Latin kuwa ba shi da gurbin aikatau mai zuwa cikin kalma biyu a rabe, wanda har wata kalma za ta iya ratsa tsakaninsu. Saboda haka littattafan da suka yi tashe, kamar na Robert Lowth na 1762 da na Lindley Murray na 1795 wanda aka yi ta bugawa ana kaiwa ƙasashe, suka rarraba kalmomi gida-gida irin na Latin, wannan abu kuma ya rasa ɗakin kansa. Ba wai ba a lura da shi ba ne. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ware shi ya ce yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙon da ke koyon Turanci, ya kuma yi ƙoƙarin tattara ma'anoninsa, har aikatau "take" kaɗai ya ba shi ma'ana fiye da ɗari. Amma ƙamus ma'ajiya ce, ba ya bayyana tsari. Sai a 1920 Arthur Kennedy a Amurka ya ware masa nazari na musamman, sunan da aka san shi da shi yanzu kuma sai a 1925 ya fito a wani littafin Logan Pearsall Smith, wanda ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, ya samo shi. A duba wannan tazara da kyau: abin da ya shekara kusan ɗari biyar yana bakin kowa, bai samu suna a wurin masu nahawu ba sai shekara ɗari da ta wuce. Abin da ba shi da suna ba a buɗe masa babi. Sai aka tura shi ƙarshen littafi, tare da karin magana da salon zance, wurin da ake ajiye duk abin da ƙa'ida ta kasa ɗauka. A wannan wuri babu abin da ake yi sai jerawa.

Mulkin mallaka ne ya mai da jerin sana'a. A Indiya, inda aka kafa jami'o'in Kalkata da Bombai da Madras a 1857, jarrabawar Turanci ta zama ƙofar aikin gwamnati, dubban matasa kuma suna neman wucewa ba tare da sun taɓa zama da Bature ba. Kasuwar littattafan salon zance ta buɗe, irin na William McMordie da aka yi don ɗaliban Indiya, da nahawun J. C. Nesfield. Marubutan nan da wace kalma za su fassara "put off"? Ba su rubuta da Bengali ko Tamil ba, domin littafi ɗaya ake so ya shiga kowace lardi. Sai suka ɗauki kalmar makaranta suka ajiye a gefe, suna ganin ita ce mai ma'ana tsayayya. Ga wanda ya yi Latin a ƙuruciya, ko Bafaranshe mai koyon Turanci, wannan fassara ce ta gaske, domin "tolerate" da "continue" da "abandon" kusan haka suke a harshensa. Ga wanda bai da wannan gado kuwa, an ba shi baƙuwar kalma ne don ta bayyana masa wata baƙuwar.

A tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu wasu malaman Turanci da ke aiki nesa da gida sun gane cewa akwai gyara. Michael West, wanda ya koyar a Daka ta Bengal, ya rubuta littattafan karatu da ƙididdigaggun kalmomi, a 1935 kuma ya fitar da ƙaramin ƙamus da ya bayyana komai da kalmomin da ba su kai 1,500 ba. Tsofaffin ɗalibai a Nijeriya har yau suna kiran ƙamusun da sunan mai shi. A Tokiyo, Harold Palmer da A. S. Hornby suka tsaya a kan cewa wahalar Turanci ba a dogayen kalmomi take ba, tana cikin yadda ƙanana suke haɗuwa. Rahoton Palmer na 1933 a kan haɗuwar kalmomi da ƙamusun Hornby da aka fara bugawa a Japan a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948 ya zama ƙamusun masu koyo da ke kan teburin kowane malami, daga wannan fahimta suka fito. A gefe guda C. K. Ogden ya kawo shirinsa na Turanci mai kalma 850 a 1930, da aikatau 18 kacal, yana cewa da "go" da "get" da "put" da 'yan rakiyarsu za a iya sallamar ɗaruruwan dogayen kalmomi. Churchill ya yaba shirin a wani jawabi a Harvard a 1943, amma bai yi nisa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin da Ogden ya ɗauka sauƙi, sauƙi ne ga ɗan gida kawai. Shi da masu jerin sun yi kuskure iri ɗaya ta fuska biyu: kowannensu ya auna wahala da abin da shi ya riga ya sani, bai tambayi abin da ɗalibin ya zo da shi daga harshen uwarsa ba.

Turanci ya shigo Arewacin Nijeriya a hankali kuma da awo. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ta fara koyarwa, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, ba ta kuma yi gaggawar yaɗa Turanci ba. Inda aka koyar da shi sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ɗalibanta kaɗan ne, makarantar kwana ce, malaman Turancinta Turawa ne, kuma an san ta da nacewa a kan furuci da magana. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk a nan suka yi karatu, kuma Turancin Ɓalewa ya yi suna har a waje. Waɗannan mutane sun ji aikatau mai ɗan rakiya kullum daga bakin masu shi, a aji da filin wasa, a cikin umarni da faɗa da raha. Ba sa bukatar jeri, domin kunne ya riga ya yi aikin.

Abin ya canza ne da makarantu suka yawaita, Turawan kuma suka ragu. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, an kafa ta a 1952, kuma bayan rahoton D. W. Grieve na 1964 aka sake fasalin takardar Turanci, tambayoyin zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla suka samu wurin zama. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, yara suka cika azuzuwa, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa; a 1978 JAMB ta zo da tata takardar Turanci da yawancin masu neman shiga jami'a sai sun bi ta kanta. Malamin da ya koyi Turanci daga littafi, shi ma daga littafi zai koyar. Littattafan da suka cika jakunkuna, irin su First Aid in English na Angus Maciver, wanda don yaran Sikotlan aka fara rubuta shi, da Students' Companion, sun ginu ne a kan jeri: kishiyoyi, masu kama da juna, kalma ɗaya a madadin da yawa. Daga nan wani ra'ayi ya kafu, cewa gwanin Turanci shi ne mai doguwar kalma. Wasiƙar neman aiki da jawabin taro da takardar ofis duk suka karkata zuwa dama ta allo. Ba banza ba Bahaushe ya kira zance mai yawa marar amfani dogon Turanci; irin Turancin da ya fi ji ke nan a ofis da kotu. Sai ga shi wanda ya gama sakandare yana iya rubuta "extinguish" daidai, amma likita ko injiniya baƙo ya yi masa gajeriyar magana mai kalma uku ya kasa kamawa.

Hujjar cewa jerin don wasu aka yi shi tana nan kusa da mu, a ƙetaren iyaka. Ɗalibi Bahaushe a Maraɗi ko Damagaram da Faransanci yake karatu tun firamare, Turanci kuma darasi ne da yake tarar da shi daga baya. Idan aka ce masa "carry on" yana nufin "continue", nan take ya gane, domin ya san kalmar dama a Faransanci. Ɗan'uwansa na Katsina ko Daura, mai harshen gida iri ɗaya, an ba shi aiki biyu ne a maimakon ɗaya. Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna irin wannan tasiri na harshen da mutum ya zo da shi. Menachem Dagut da Batia Laufer sun nuna a 1985 cewa ɗalibai masu jin Ibrananci, wanda ba shi da irin wannan gini, suna kauce wa aikatau mai ɗan rakiya su zaɓi kalma guda. Da aka yi makamancin gwajin da 'yan Holan a 1989 da 'yan Suwidin a 1993, waɗanda harsunansu suke da shi, ba a ga irin wannan gudu gaba ɗaya ba. Abin tambaya ke nan a gare mu: Bahaushe da me ya zo?

Ya zo da abu mai yawa, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni takaici a tarihin nan, domin an san shi tun da daɗewa amma bai ƙetara daga sashen Hausa zuwa ajin Turanci ba. A 1960 F. W. Parsons na makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka da ke Landan ya bayyana cewa aikatau na Hausa yana da giredi bakwai, wato saiwa ɗaya tana canza ƙarshenta da karin sautinta, ma'ana ta juya. Duk ɗalibin Hausa a jami'a ya san wannan, daga littafin M. K. M. Galadanci na 1976 ko na Paul Newman na 2000. Aikin da Turanci yake ba ɗan rakiya, sau da yawa shi Hausa take ba wasalin ƙarshe. Mun san bambancin sha da shanye, ci da cinye, saya da saye: na biyun yana nufin an gama da abin kakaf, ba a bar saura ba. Wannan shi ne ainihin aikin "up" a cikin "drink up" da "eat up" da "buy up", kuma shi ne a "dry up" da "fill up" da "lock up", waɗanda mu muke cewa bushe da cike da kulle. Mun san yanka da yanke, goga da goge, inda na biyun yake nuna an raba abu da jikin da yake. Wannan shi ne "off" a "cut off" da "rub off". Mun san zuba da zubar, jefa da jefar, ba da bayar, inda abin yake barin hannun mai shi ya tafi. Wannan shi ne "away" da "out" a "throw away" da "pour out" da "give away". Yaron da ya san cewa uwarsa ta ce ya shanye kunun, ba ya sha ba kawai, ya riga ya mallaki tunanin da ke ƙarƙashin gomman aikatau na Turanci. Abin da ya rage a nuna masa inda Bature ya ajiye alamar. Jerin da aka tsara bisa haruffa, "put" duka wuri ɗaya, "take" duka wuri ɗaya, yana ɓoye wannan dangantaka ne, domin yana tara abubuwa ta aikatau alhali ma'anar da ake maimaitawa tana jikin ɗan rakiya. Masu ƙamusun COBUILD na Birmingham, ƙarƙashin John Sinclair, sun gane haka, shi ya sa a ƙamusunsu na 1989 suka ƙara wani sashe a baya da ya bi 'yan rakiyar ɗaya bayan ɗaya da ma'anonin da kowanne yake ɗauka.

Mai ja zai ce wannan zaɓen masu sauƙi ne. Ina wasalin da zai bayyana "give up" da ma'anar haƙura da abu, ko "put up with" da ma'anar jurewa, ko "make up" da yake nufin shiryawa bayan faɗa, da ƙaga labari, da kwalliya? Wannan ja yana da ƙarfi, kuma gaskiya ne akwai da yawa da ma'anarsu ta yi nisa da asali har ba a gane hanyar da ta biyo. Amma ko a nan Bahaushe ba baƙo ba ne. Muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin amana, muna cin jarrabawa, muna cin gaba. Muna kashe kuɗi da wuta da aure. Muna sa hannu da sa ido da sa baki. Baturen da ya zo koyon Hausa yana ganin waɗannan kamar yadda muke ganin nasu, kuma ba wanda zai ba shi shawarar ya haddace su a jere ba tare da jimla ba. Sannan yawan nasu bai kai yadda kaurin littattafai yake tsoratarwa ba. Dee Gardner da Mark Davies sun ƙirga su a 2007 cikin taskar rubutu da magana ta Birtaniya mai kalma miliyan 100, suka tarar 25 kacal ne suke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na duk inda aka yi amfani da irin wannan aikatau, guda 100 kuma sun ɗauke fiye da rabi. Sai dai waɗannan ɗarin suna da ma'anoni 559 a tsakaninsu. Wannan lissafi ya kifar da jerin ta gefe biyu. Ya nuna cewa ɗaruruwan da ake ɗora wa ɗalibi yawancinsu ba safai zai gamu da su ba, ya kuma nuna cewa ƙalilan ɗin da zai gamu da su kullum ba a iya ɗaure kowannensu da kalma ɗaya a dama. Wanda ya haddace cewa "take off" cire tufa ne, zai tsaya cak ranar da jirgin sama ya yi hakan.

Wani kuma zai kare jerin ta wata hanya, ya ce ai hadda gadonmu ce, da ita kakanninmu suka riƙe ilimi, don me za a raina ta a Turanci? Ba hadda nake suka ba, kuma wanda ya raina ta bai san abin da ta gina a ƙasar nan ba. Amma a duba yadda ake yin ta a inda ta samo asali. Almajiri nassi yake haddacewa, mai farko da ƙarshe, wanda ya ji daga bakin malami kafin ya wanke allo. A makarantar zaure kuma, idan ana karatun Ahalari ko Risala ko Muƙamatul Hariri, ɗalibi yana jan Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa. Da harshen gida ake buɗe baƙon harshe, kalma kuma a cikin jimlarta ake karɓar ta. Ta wannan hanya Arewa ta fitar da masu rubuta Larabci irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, ba tare da sun zauna a ƙasar Larabawa ba. Jerin allo mai gida biyu ya saɓa wa wannan gado a duka abubuwan biyu: ya fizge kalma daga jimla, ya kuma hana ta fassarar Hausa. Idan hadda ake so, a ba yaro gajeriyar hira ko labari mai ɗauke da aikatau goma masu yawan zuwa, ya haddace shi ɗungurungum, zai tashi da ma'ana da kuma wurin da ake sa kowace kalma, har da sanin cewa "it" tsakiya yake shiga a "put it off", abin da jeri ba ya koyarwa.

Ja na uku ya fi shiga zuciyar malamai, domin shi aka koya musu a kwalejin horo: shigo da Hausa ajin Turanci yana sa yaro ya riƙa tunani da Hausa yana juyawa. A kan wannan tsoro ne makarantu da yawa suka yi ta cin tarar ɗalibi ko hukunta shi idan aka ji ya yi harshen gida, duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara karatun firamare da harshen uwa. Tsoron ba marar tushe ba ne. Daidaiton da na nuna a sama bai cika ko'ina ba. Ƙarshen da ke cikin fito da shigo da kawo, alal misali, Turanci ba da ɗan rakiya yake nuna shi ba, canza aikatau yake yi daga "go" zuwa "come", daga "take" zuwa "bring". Malamin da ya ce kowane wasali yana da abokinsa a Turanci zai ɓatar da yara. Amma hana Hausa bai taɓa hana yaro tunani da ita ba, ya dai hana malami sanin abin da ke gudana a kan yaron, balle ya nuna masa inda harsunan suka dace da inda suka rabu. Kuma shekarun da aka yi ana hanawa ba su haifar da Turancin Landan ba. David Jowitt, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Nijeriya har da Bayero ta Kano, ya tattara a littafinsa na 1991 yadda 'yan Nijeriya suke sarrafa waɗannan kalmomi: a ƙara ɗan rakiya inda babu shi, kamar "cope up with", ko a jefar da shi inda ake bukatarsa, ko a mai da shi aikatau da kansa, kamar yadda ake cewa a "off" fitila. Wasu daga cikin waɗannan sun zauna har sun zama Turancin ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne harshe ya ɗauki launin inda ya sauka. Sai dai suna nuna cewa mutane sun ji ƙaramar kalmar tana da nauyi, sun yi ta laluben ƙa'idarta da kansu, domin aji bai ba su ba.

Abin da ya fi riƙe jerin da rai yau shi ne siffar jarrabawa, kuma a nan ba na ganin laifin malamin da ke da ɗalibai fiye da ɗari a aji da 'yan watanni kafin WAEC ko NECO. Takardar tana kawo jimla, a ja layi a ƙarƙashin aikatau mai ɗan rakiya, a ce a zaɓi kalmar da ta fi kusa da shi a ma'ana; ko a bar gurbi a ce a cike da "off" ko "out" ko "up". Tambaya ta farko jerin ne kansa aka juya shi ya zama gwaji, shi ya sa littattafan tsofaffin tambayoyi suke sake haifar da shi kowace shekara, yanzu ma har ya koma gajerun bidiyo a waya, gida biyun dai na nan yadda suke. Tambaya ta biyu kuwa ta fi sauƙi ga wanda ya san aikin ɗan rakiya a kan wanda ya haddace ɗari biyar, saboda haka ko don cin jarrabawa kaɗai, sa'a biyu a kan shanye da yanke da zubar ba asara ba ce. Amma wurin da wannan aikatau ya fi zama shi ne magana, kuma a Nijeriya har sashen furuci na jarrabawar WAEC ana amsa shi ne ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ba.